Ashe Jifa Daga Ƙugu Take Tasowa

Ranar da na fara shiga filin wasan sofbol a jami'a, na ɗauka jifa aikin hannu ce kurum. Wannan wasa dai a birnin Shikago ta Amurka aka ƙago shi a 1887. Mai jifa ba ta ɗaga ƙwallo ta bisa kafaɗa, sai ta juya hannu ya yi da'ira kamar fanka, ta sake ta daga wajen cinya. Tsakaninta da mai bugu kuwa mita 13 ne da 'yan kai.

Ni kuwa da ƙarfin tsiya nake wurgawa. Ban yi wata biyu ba sai kafaɗata ta dama ta soma ciwo, har riƙe biro a lacca ya zama wahala. Ga jarrabawa ta ƙarato, ga tsoron kada a cire ni daga ƙungiya. Na rasa abin da ke mini daɗi.

Da mai horad da mu ta lura, sai ta ce in ajiye ƙwallo in tsaya da ƙafa guda, in rufe ido. Wallahi ban ƙirga goma ba na yi tangaɗi. Ta ce, "Kin gani ko? Ƙarfi daga ƙafa yake tasowa, ya ratsa ƙugu da ciki da gadon baya, kana ya isa hannu. In tsakiyar jiki ta yi sako-sako, kafaɗa ke biyan bashin."

Daga nan ta ɗora ni a kan horo. Kullum da safe nakan dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki miƙe sambal kamar katako. Sa'an nan in kwanta rigingine in ɗaga ƙugu sama, in kuma tsaya da ƙafa ɗaya ina kwaikwayon jifa a hankali. Da fari abin ya ba ni haushi, don kuwa ba wanda ke tafa wa mai tsayuwar zalɓe.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne labarin Yukiko Ueno ta Japan. A wasannin Olamfik na 2008 a Beijin ta yi jifa 413 cikin kwana biyu, ƙasarta ta doke Amurka ta ɗauki zinariya. Ai kowa ya san kafaɗa ita kaɗai ba ta iya wannan aiki.

Da na je gida hutu, na ga Inna ta taso daga rijiya da tulu bisa gammo, ko ɗigo bai zuba ba, ƙannena kuma suna langa a ƙofar gida. Kunya ta kama ni, domin abin da nake rainawa tun ina ƙarama, shi ne aka sa ni koyo a jami'a.

Yanzu kafaɗa ta lafa, jifata ta fi zuwa daidai, ko da yake har yau tsayuwa da ƙafar hagu tana ba ni wuya. Inna ta ce in zo ta ara mini tulu. Wannan hutun zan karɓa, in Allah ya yarda.