Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Samarin Lafiya kan tambaye ni yadda ake kayar da gwamnati, ni kuma nakan ce kayarwa ba ta kai riƙewa wuya ba.

Ku tuna 2011. Umaru Tanko Al-Makura ya tsaya a CPC, jam'iyyar da ko shekara uku ba ta yi ba, ya kayar da gwamnan Nasarawa mai ci, Aliyu Akwe Doma na PDP, da ratar ƙuri'u kusan dubu huɗu. A lokacin shi kaɗai ne gwamnan CPC a faɗin Nijeriya. Amma majalisar dokoki ta tsaya a hannun PDP, kuma a 2014 'yan majalisa 20 cikin 24 suka taso za su tsige shi. Kwamitin bincike ne ya yi watsi da zarge-zargen. Gwamna Balarabe Musa na PRP bai samu wannan sa'ar ba: 'yan NPN masu rinjaye a majalisar Kaduna sun tsige shi a 1981. Guguwar farin jini takan ɗora mutum guda a kujera, amma kujerun majalisa da na kansila sai wanda ya san mazaɓa gida-gida.

Mutanen NEPU sun gane haka tun 1950. Tela da mahauci da ɗan koli ne suka riƙa sayen katin jam'iyya da kuɗinsu, suna shan ɗauri a kotunan alƙalai. Shi ya sa bayan soja sun rushe jam'iyyu a 1966, jagoran NEPU Malam Aminu Kano ya dawo da PRP a 1978 ya tarar da jama'arsa na nan.

A nan Nasarawa akwai ƙarin sharaɗi. Babu ƙabilar da za ta ci zaɓe ita kaɗai. Wanda bai zauna da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Barebarin cikin gari ba, a masallaci da coci, ya yi asarar tafiya. Zaman kuwa ana yin sa ne wurin suna da jana'iza da sulhun gona, tun ba a buga fosta ba.

Don haka, 'ya'yana, ku fara daga mazaɓunku: Ciroma, Gayam, Makama, Zanwa, Assakio. Ku riƙa karo-karo duk wata, domin wanda ya biya hayar ofis shi ke naɗa ɗan takara. Ku tanadi wakili amintacce a kowace rumfa. In kun faɗi zaɓe, ku kira taro sati mai zuwa, ku rubuta sunan duk wanda ya zo.