Darasin da ke ƙarƙashin tafkunan Manhattan

A kudancin tsibirin Manhattan, a birnin New York na Amurka, akwai manyan tafkuna biyu masu kusurwa huɗu, daidai gurbin tagwayen benayen da aka rusa ranar 11 ga Satumba, 2001. Ruwa yana kwarara daga bangonsu, an kuma zana sunayen mamata a kan tagulla kewaye da su. A gefen tafkin kudu ne sunayen 'yan kwana-kwana 343 suke jere.

Na je wurin a ƙarshen wani taron ilimi. A gidan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa na daɗe a gaban motar kashe gobara ta rukuni na 3, wadda gabanta ya murƙushe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mintuna 29. Benen kudu ya faɗi da ƙarfe 9:59 na safe, na arewa bai faɗi ba sai 10:28. Wannan tazara ta isa mutane da yawa su sauko, in da saƙo ya kai gare su.

Rahoton hukumar bincike na 2004 ya bayyana inda gizo ya yi saƙa. Bayan harin bam na 1993 an girka na'urar da ke ƙarfafa muryar rediyon oba-oba a cikin benayen. A safiyar nan, a harabar benen arewa, ba a danna maɓalli na biyu da ke kunna babbar wayarta ba, sai shugabanni suka ɗauka ta lalace. Suka koma kan ƙananan rediyoyin hannu, waɗanda muryarsu ke rauni tsakanin ƙarfe da kankare. An ba da umarnin fita, wasu ba su ji ba. 'Yan sandan da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun hango halin da saman ginin ke ciki, amma gargaɗinsu ya bi zangon rediyon 'yan sanda kaɗai.

Masu karɓar kiran gaggawa na 911 su ma a duhu suke. An koya musu cewa in gobara ta tashi a dogon bene, su ce wa mutane su zauna inda suke har a zo. Shawara ce mai kyau a gobarar yau da kullum. Ba wanda ya sanar da su cewa an umarci kowa ya fita, ko cewa ba za a iya ceto ta rufin gini ba, ƙofofinsa ma a kulle suke. Sun yi abin da aka hore su a kai, iyakar saninsu ke nan.

Sai a 2012 majalisar Amurka ta kafa FirstNet, hanyar sadarwa ta musamman ga masu aikin ceto. Duk ƙasar da ta kafa lambar gaggawa, har da 112 tamu ta Nijeriya, ta ɗauki alkawari. Cika shi yana buƙatar a riƙa gwada kowane rediyo a cikin ginin da za a yi aiki da shi, hukumomi su yi atisaye tare, a kuma tabbatar cewa wanda ke amsa wayar mai neman ceto yana jin abin da kwamandan fili ya yanke.