Kurtun Tawada da Alƙalamin Gamba

Har yanzu ina mamakin yaron nan da aka ɗora a jirgin Nguru daga tashar Malam Madori a 1973, shekarar da sule da sisi suka kau, sanye da taguwar akoko guda ɗaya, da ƙullin ƙuli-ƙuli da Inna ta cusa masa a aljihu tana kawar da kai don kada ya ga idonta, rungume da sabon allo wanda ya fi ƙirjinsa faɗi. Ni ne. Amma in na tuna yadda yake kallon kansa, sai in ji kamar in kira shi in zaunar da shi kusa da ni.

Tsangayarmu tana bayan gari, bukkokin zana ne a kan rairayi, ga goruba ta ko'ina. In iska ta juyo daga wajen fadama sai ta zo da warin kifin banda, da dare kuma hayaƙin kara da kirare ya shiga tufafinmu ya zauna, har in ka shiga gari bara an san daga inda ka fito kafin ka buɗe baki. Muna kewaye wuta, kowa da allonsa a cinya, muryoyi suna hawa kan juna, na kolo siriri, na gardi mai kauri, Alaramma yana zaune a kan agalemi da dorina a gefe, wadda ya fi nuna ta a kan amfani da ita.

Tare aka kai mu da Yaya, ɗan baffana. Shi Allah Ya ba shi kai. A biya masa da asuba, kafin hantsi ya riƙe, da la'asar ya wanke allo yana jiran ƙari. Ni kuwa sai in kwana in tashi a kan sumuni guda, tawadar ta fara dusashewa saboda gumin hannu, karatun bai zauna ba. Yara suka sa mini Na-baya. Na karɓi sunan, na ma riƙa amsa shi da sauri.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin, ko na lura ban ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne yadda ranar rubutu take yi mini. Tun daga goga gawayi a kan dutse, a zuba ƙaron da ya jiƙa, a juya har tawadar ta yi sheƙi a cikin ɗan kurtu mai igiyar fata a wuya. Zuwa zaɓen gamba wadda ta ƙosa, a fiƙe ta da aska, a tsaga bakin kaɗan, a gwada a bayan hannu. Zuwa wannan ƙaramar ƙara da alƙalami yake yi a kan allo wankakke wanda ya sha rana. A nan ba na jin yunwa. Wasu suna rubutu don su gama su tashi, ni ina jan wutsiyar harafi ina jin daɗin inda za ta tsaya. Gardawa suka gane, suka riƙa miƙo mini allunansu, ladana ɗan ƙanzo ko ragowar ɗumame. Na ɗauka aikin wahala ne ake ba wanda ya kasa karatu.

Wata rana wani gardi ya yi mini tsawa a kan nawa, Alaramma ya ɗago kai ya ce, "Ƙyale shi, hannunsa ya riga bakinsa." Na ji kunya sosai. A zatona lallashi ne irin wanda manya suke yi wa yaro marar ƙoƙari.

Ban kai ga harda ba. Na yi sauka da ƙyar, aka kira mai zayyana ya ƙawata mini allo da ja da rawaya da kore, na tsuguna a gabansa tun safe har ya gama, ina kallon yadda yake fitar da da'ira da ɗan zare da tsinke. Ko abincin walima ban tsaya ci ba. Bayan nan Yaya ya ƙara gaba, Gashuwa, daga can Maiduguri, ni kuwa aka haɗa ni da wani ɗan garinmu mai shago a Kantin Kwari.

Shekarun Kwari suna da ƙanshinsu, na sitacin sabuwar atamfa in an warware turmi, da ƙurar bandir, da shayin da ake kawo wa Maigida a kofin silba. Ba ni da bakin ciniki. Kafin in gama lissafi a zuci, yaron shagon gaba ya janye mai saye da "Hajiya, shigo ki gani." Sai Maigida ya mayar da ni kan littafin bashi, ina rubuta sunaye da kaya da ajami, kuɗi da lambar boko. Lokacin canjin kuɗi na 1984, da kowa ya rikice, masu bashi suna rige-rigen biya da tsofaffin takardu, littafina ne aka baje a tsakar shago har maƙwabta suna leƙowa. Maigida ya ce bai taɓa ganin bashi ya yi kyau haka ba. Aka yi dariya, aka wuce wurin.

Ni kuwa raina a dame yake, ban san dalili ba. Labari yana zuwa cewa Yaya ya zama alaramma, ya yi satu, ana maganar naɗa shi gwani. Sa'o'ina na kasuwa sun buɗe nasu shagunan, wannan ya sayi Vespa, wancan fijo, wani ya dawo daga Makka da haƙorin zinare. Duk wanda na kalla sai in auna kaina da shi in ga na gaza. Da daɗewa na gane cewa abubuwan da nake jin zafin rashinsu, da an ɗauko an ba ni, da ban san yadda zan yi da su ba. Ba shago nake so ba. Ina son a daina ce mini Na-baya ne, alhali babu mai faɗin sunan a duk Kano sai ni.

Ƙafata ta riga ni sanin hanya. In an tashi kasuwa da sauran rana, sai in bi ta cikin birni zuwa Kurmi, layin masu littattafai, inda warin tsohuwar takarda yake haɗuwa da na jima da kayan yaji. A can na fara ganin Alƙur'ani bugun hannun Sharif Bala na Gabari, haruffa masu kauri zaune daram a kan layi, kowane wasali a gurbinsa. Nakan daɗe a tsaye har mai rumfa ya turo mini benci. Na sayi ɗaya da kuɗin da na tara don takalmi. Da dare, in yara sun yi barci, sai in kunna aci-balbal in riƙa kwaikwayo a bayan takardun kwalin atamfa.

Maiɗakina ce ta faɗa, tana tankaɗe, ba ta ma dube ni ba: "Malam, in ka dawo daga kasuwa fuskarka a ɗaure take, in ka ɗauki alƙalamin nan sai ta sake. Ban san ko kai ka sani ba."

Ban sani ba. Na kwana ina juya maganar, sai ga ta Alaramma ta taso daga inda ta kwanta shekara da shekaru, ga allunan gardawa, ga mai zayyana, ga littafin bashi, duk suka jeru suna faɗin abu guda. Nawar da na ɗauka aibi ce, ita ce take sa ni zama a kan harafi ɗaya har ya fito yadda ya kamata.

Na wuce arba'in lokacin da na durƙusa gaban wani dattijo a cikin birni na ce ya koya mini rubutun takarda. Ya nuna mini yadda ake dafa bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro har tawadar ta kama takarda ba ta goguwa. A fara da baƙi shafi bayan shafi, a dawo da ja a sa wasulla, a ɗiga rawaya a kan hamza, kore a kan alifin da ake sadarwa, duk bisa ruwayar Warshu da muka tashi da ita. Takardun ba a ɗinke su, sai a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan na baya don kada su ɓace wa juna. Ni ba satu nake yi ba, ina duba asali ne ina kwafa, kuma ban ɓoye wa kowa haka ba.

Da na kammala izifi sittin, na sa dukawa suka yi masa tadarishi da gafaka, na ɗauka na kai wa Yaya ya duba. Ya tara almajiransa, suka bi shi shafi-shafi, ya nuna mini inda zan gyara, na gyara. Ranar da suka kai ƙarshe ya riƙe takardar ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ni ina ɗauke da shi a ka, amma hannuna bai taɓa ajiye shi haka ba." Gemunsa ya yi fari, nawa ma. Muka zauna muka ci tuwo a akushi ɗaya.

Sana'ar ba ta kawo dukiya ba. Bugun Madina ya cika masallatai, masu neman rubutun hannu kaɗan ne, abin da ya fi shigowa zayyanar sauka ce, musamman ta amare. Muna ci, muna sha, yara sun yi karatu. Da safe nake aiki yanzu, lokacin da idona ya fi gani, kuma ban ƙara tashi da nauyin nan a ƙirji ba.

Akwai wani yaro a makarantar allon unguwarmu wanda yake daɗewa bai wanke ba. Na ga allonsa jingine a zaure, na ga yadda yake rufe cikin mim. Kwanan baya mahaifinsa ya zo yana cewa zai cire shi ya kai shi gareji, tunda kan ba ya ja. Na ce, "Alhaji, gareji ma sana'a ce mai albarka, amma ka ara mini shi zuwa bayan kaka." Ya amince. Jiya na koya masa fiƙe gamba, ya lalata guda huɗu, ya ce in ba shi wata.