Na Je Neman Tashar Jirgin Nan Mai Nutso

Tun ina ƙaramin malami a Maraɗi na fara ganin fim ɗin nan na Jamusawa mai suna Das Boot, wato "Jirgin Ruwa". A kaset na bidiyo muka kalla, a gidan wani abokina, mu wajen goma a kan tabarma ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Fim ɗin ya fito a 1981, Wolfgang Petersen ne ya shirya shi. Labarin wani jirgin yaƙi ne mai nutso ƙarƙashin ruwa, mai lamba U-96, da samarin da ke cikinsa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshensa. Bayan sun sha wuya iri-iri a teku sun komo tasha ranar jajibirin Kirsimeti, ana yi musu kiɗan maraba, sai jiragen sama suka yi musu ruwan bama-bamai. Jirgin ya nutse a bakin tasha, kyaftin kuma ya faɗi ya mutu yana kallonsa.

Shekaru da yawa bayan haka ɗana ya sami karatu a La Rochelle, a gaɓar yammacin Faransa, na kai masa ziyara. Sunan garin kuwa a fim ɗin na fara jinsa. Sai na ce masa, "Kai, kafin in koma gida sai ka nuna mini inda jirgin nan ya nutse." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wasan kwaikwayo ne." Na ce na sani, amma ƙasar da suka taka ai ba ta kwaikwayo ba ce.

Da fari mun ɓata hanya. Mun nufi tsohuwar tasha ta tsakiyar gari, inda hasumiyoyin dutse suke tsaron bakin ruwa, baƙi suna ta ɗaukar hoto. Na duba hotunan fim ɗin da ɗana ya sa mini a waya, ban ga ko alamar hasumiya ba. Daga baya muka gane cewa wurin yana La Pallice, tashar manyan jiragen kaya, wajen kilomita 5 yamma da gari. Muka shiga bas muka tafi.

Ba sai an nuna wa mutum ba. Wani ƙaton gini ne na kankare, baƙi-baƙi, ba taga, tsawonsa ya kusa mita 200, kaurin rufinsa kuma wajen mita 7. Yana da ɗakuna 10 masu buɗe baki ga ruwa, inda jiragen suke shiga su ɓuya daga bam. Ba a barin jama'a su shiga, gama yana cikin harabar tashar da ake aiki, saboda haka daga bayan shinge muka tsaya. Na riƙe waya a hannu, in dubi hoto in dubi gini. Ga jerin bakunan nan, ga ginshiƙan da suka raba su, ga dakalin da mutane suka tsaya. Abu ɗaya ya so ya ruɗe ni, wato doguwar gadar da ta haye zuwa tsibirin Ré, wadda babu ita a fim. Ashe sai a 1988 aka buɗe ta, bayan an gama fim da shekaru.

Na yi murna kamar wanda ya tsinci batacciyar akuyarsa. Amma murnar ba ta daɗe ba, domin da na bi diddigin labarin sai na tarar ainihin U-96 ba a nan take zaune ba. Tasharta Saint-Nazaire ce, can arewa. Lothar-Günther Buchheim, wanda ya rubuta littafin da aka yi fim da shi a 1973, ya shiga jirgin a matsayin ɗan jarida na soja a ƙarshen 1941, suka kuwa komo lafiya a farkon Disamba. Jirgin bai nutse ba sai a Maris 1945, a Wilhelmshaven ta Jamus, da bam na Amurkawa. Kyaftin ɗin na gaskiya, Heinrich Lehmann-Willenbrock, ya rayu har 1986. Cikin jirgin ma da muka gani, da zufa da ƙunci, a ɗakin shirya fim na Bavaria kusa da Munich aka gina shi. Har ma jirgin kwaikwayon da suka sa a ruwa, Steven Spielberg ya are shi ya yi nasa fim na Indiana Jones a wannan tasha.

To, mai karatu, me ya rage na gaskiya a wurin da na tsaya? Kankaren ya rage. An fara zuba shi a 1941, ƙarƙashin ƙungiyar gine-gine ta Hitila da ake kira Todt. Cikin masu aikin akwai waɗanda aka tilasta, har da 'yan Sifen da suka gudo daga yaƙin basasar ƙasarsu suka faɗa hannun Jamusawa. Fim ɗin ya sa mun ji tausayin matuƙan, kuma sun cancanci tausayi, gama kusan uku cikin huɗu na sojojin jiragen nan ba su komo gida ba. Amma bai nuna mana ko fuska ɗaya ta waɗanda suka ɗauki siminti ba.

A nan ne kakana ya faɗo mini a rai. A waɗannan shekaru shi ma yana aikin dole a kan hanyar mota a ƙasarmu, ƙarƙashin Faransawa, yana ɗaukar tsakuwa a ka, ba lada. Sai a 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka. Na bi hanyar nan sau da yawa a mota, ban taɓa tsayawa in tambayi wa ya yi ta ba. Ga shi na ƙetare hamada da teku don neman inda wani ɗan wasa ya yi mutuwar ƙarya.

Ɗana ya ga na yi shiru, ya ce, "Baba, ko ba nan ba ne?" Na ce, "Nan ne." Muka ɗauki hoto ɗaya ta ramin shinge. A cikin bas muna komowa na fara ba shi labarin kakan nan nasa, wanda bai taɓa ji daga bakina ba, na kuma yi masa alkawari in ya zo hutu zan kai shi ya ga hanyar.