Zamanin da Ake Sayar da Kuzari a Kanti

Kafin mota ta cika titunan Landan da New York, doki ne ma'aunin ƙarfi, don haka daga barga Turanci ya ɗebo da yawa daga kalmominsa na kuzari. Idan Bature ya ce wane "full of beans" ne, wato cike yake da wake, yana nufin mai karsashi, irin dokin da aka ƙosar da harawa. Ba'amurke kuma yakan ce saurayi yana "feeling his oats", hatsin dawaki ya hau masa kai, ya fara rawar kai. Wadda ta fi ban dariya ita ce "ginger", citta. Tun ƙarni na 18 dillalan dawaki a Ingila suke da wata dabara: idan za su kai tsohon doki kasuwa, sai su cusa masa citta a ƙarƙashin bindi. Raɗaɗin ya sa ya ɗage wutsiya yana zabura, mai saye ya ɗauka ya yi gamo da ingarma. Da wannan aika-aika ake danganta "ginger up", zaburar da mutum. Samarin Legas da Abuja da ke cewa a yi musu "ginger" kafin wasa, ba na jin sun san inda ake sa cittar.

Da ƙarni na 20 ya kama, sai 'yan kasuwa suka karɓi ragamar. A 1904 kamfanin Lever Brothers ya fito da hodar goge tukwane ya raɗa mata Vim, sunan da ya aro daga wata kalma mai nufin kuzari da Amurkawa suka daɗe suna haɗawa da ƙawarta, "vim and vigor". Hodar ta iso har gidajenmu, ta zauna kusa da toka da soson wanke-wanke, kuma da yawan iyayenmu mata sun san Vim a matsayin maganin baƙin tukunya kawai. A Ingila ma kusan haka ta kasance da ita: hajar ta danne kalmar, yau sai tsofaffi ke furta ta da ma'anarta ta asali.

Amma sarauniyar wancan zamani ita ce "pep". Guntuwar "pepper" ce, barkono, ta ɓulla wajajen 1912, cikin 'yan shekaru ta mamaye Amurka. Kocin ƙwallo ya tara yaransa ya yi musu "pep talk", ɗalibai su yi gangamin "pep rally" ana gobe wasa, manaja ya kori ma'aikaci don ba shi da ita. A 1922 Sinclair Lewis ya fitar da littafinsa Babbitt, inda ya yi wa irin waɗannan 'yan kasuwa masu baki cike da kalmomin zuga ba'a son ransa, amma ba'ar ba ta rage komai ba. Shekara ɗaya bayan haka Kellogg's ya sa wa wani abincin karin kumallo na alkama suna Pep, daga baya ya ɗauki nauyin shirin Superman a rediyo, yara suka riƙa matsa wa iyaye a sayo musu ƙarfi a kwali. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda gajiya, wadda ko'ina a duniya ake yi wa mutum sannu a kanta, ta koma abin kunya a wurinsu. Kuma da zarar gajiya ta zama aibi, dole a samu mai sayar da maganinta. A shekarun 1930 kamfanin Smith, Kline and French ya fara sayar da Benzedrine, wanda amfetamin ne tsantsa. Jama'a suka kira ƙwayoyin "pep pills". Ɗalibai suka sha don kwanan karatu, direbobin manyan motoci suka sha, sojojin Birtaniya da Amurka suka sha a Yaƙin Duniya na Biyu. Suna mai daɗi irin na barkono ya taimaka wajen ɓoye cewa abin yana kama mutum ya ƙi saki.

Ɓangaren farin jini kuwa Hollywood ce ta riƙe shi. Marubuciyar Ingila Elinor Glyn ta ɗauki ƙaramar kalmar "It", wadda ba ta nufin komai sai "abin", ta ce shi ne sirrin da ke sa a kasa ɗauke ido daga kan wasu mutane ko da ba su fi kowa kyau ba. A 1927 Paramount ya yi fim da wannan suna, Clara Bow ta fito a matsayin yarinya mai tsaron kanti, aka laƙaba mata "It girl" har ta mutu. Warner Brothers ya ga riba a ciki, a 1939 ya yi shelar cewa Ann Sheridan ce "Oomph girl". Ita kam ba ta taɓa son sunan ba. An ruwaito tana kwatanta shi da nishin da mai tumbi ke yi idan ya sunkuya zai ɗaure takalmi, kuma duk wanda ya furta kalmar da bakinsa zai ba ta gaskiya. A tsakanin nan mujallar kwalliya Harper's Bazaar ta yayata "pizzazz" a 1937. Kowacce ta yi tashenta, ta tsufa da wuri kamar yayin atamfa. "Rizz" da Oxford ta zaɓa kalmar shekarar 2023 jikarsu ce.

Siyasa ce ta ƙarshen shiga layi. John Kennedy ya nemi shugabancin Amurka a 1960 yana ɗan shekara 43, zai gaji Eisenhower mai shekara 70, ya riƙe "vigor" ya yi ta maimaitawa da karin harshensa na Boston har masu barkwanci suka mayar da ita "vigah". Abin da jama'a ba su sani ba a lokacin, mutumin yana fama da cutar Addison da matsanancin ciwon baya, yana ɗaure da majanyin likita a ƙarƙashin riga, wani likita mai suna Max Jacobson kuma yana yi masa allurai masu amfetamin. Duk da haka a farkon 1963 ya tono wani tsohon umarni na tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt cewa hafsoshin rundunar Marines su iya takawa mil 50, kusan kilomita 80, ya ƙalubalanci na zamaninsa. Ƙasa ta ɗauka, 'yan makaranta da magidanta suka bazama kan hanya. Ƙaninsa Robert, wanda yake ministan shari'a, ya taka mil 50 ɗin cikin sanyi da takalmin zuwa ofis. Kakakin fadar shugaban ƙasa, Pierre Salinger, mai ƙiba da son sigari, wanda 'yan jarida suka yi ta tsokana a kan sai ya yi tasa tafiyar, ya fitar da sanarwa ya ce ya janye.