Adon Da Ya Dace Da Mai Karatu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai maƙeran da ke ƙera ɗan littafi na azurfa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a rataya shi ga sarƙa, ko kuwa su yi 'yan kunne masu siffar alƙalami. Wanda ke da ɗan'uwa mai son karatu sai ya saya ya kai masa kyauta. Mai jin wannan ya iya cewa sabon abu ne na Nasara. To, ba haka ba ne, gama mutanen ƙasar Sakkwato sun daɗe suna rataya rubutu a jikinsu. Malami ya rubuta, baduku ya ɗinke da jar fata, ya yi mata ado, a ce laya. Sai dai ita laya rubutu ne rufaffe. Mai ita ya kan shekara ashirin da ita a wuya bai ga baƙi ɗaya na cikinta ba, ba a ma so ya gani.

Akwai wani adon da ya fi wannan kusa da sha'anin masu karatu, mutanen Danchadi kuwa ba baƙin labarin gidan da ya fito ba ne. Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato cikin 1815, tana nan ƙasar Bodinga tare da su. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa cikin 1793, ta rasu cikin 1864, ita ce ta kafa ƙungiyar matan ƙauyuka da ake kira 'Yan Taru. Kowane taro yana da shugaba, ana ce mata jaji. Ranar da za a naɗa jaji, Nana ta kan ba ta malfa, a naɗe malfar da jan ƙyalle. Ba zinariya, ba murjani, saƙar kaba ce kurum irin wadda maza ke sawa don rana. Amma duk wanda ya hangi mace tafe da jan ƙyallen nan bisa kai, ya san malama ce, ya kauce mata hanya. Ita kuwa nauyi ta ɗauka. Za ta jawo tsofaffi da 'yan mata a ƙasa har wurin Nana, su koyi waƙoƙin wa'azi, ta komo ta karantar da waɗanda aure ya tsare a gida.

Irin wannan nauyi ya taɓa faɗa wa wata mata a Danchadi, ta hanyar zobe. Da ta gama ajin yaƙi da jahilci, mijinta, wani manomi, ya yi niyyar yi mata kyauta. Ya ce ta rubuta sunanta da boko a takarda, ya kai wa maƙerin fari, ya ce a zana shi bisa zoben azurfa. Maƙerin gwani ne, amma bai yi boko ba, ya kwaikwayi babbaƙun kamar yadda ya ke kwaikwayon zanen fure. Aka kawo zobe yana walƙiya. Ta juya shi, ta dube shi, ta ce, "Maigida, Allah ya saka da alheri. Amma wanga baƙi na tsakiya ya ba da baya, ba sunana ke nan ba."

Maigida ya ji haushi, ya ce wa zai lura? Ta ce ita ta lura. Kai, da laya ce, da har abada ba mai ganewa! Ya koma wurin maƙeri, ya biya ladan aiki sau biyu, yana gunaguni.

Zoben bai daɗe a hannunta ba matan unguwa suka gane abin da ke jikinsa. Wannan ta kawo takardar asibiti a duba mata ranar komawa, waccan ta kawo wasiƙar ɗanta da ke cin rani. Wata rana aka kawo mata rubutun da ya gagare ta, ta ji kunya ƙwarai, ga zobe a yatsa. Da dare ta ɗauko littafinta na aji daga ƙarƙashin akwati, inda ya yi wata huɗu, ta ce maigida ya ƙaro mai a fitila.