A-kori-kura da Jakar Iska

Duk wanda ya san hanyoyin karkarar Gagarawa da Sule Tankarkar ya san yadda ramuka da nauyin kaya kan karya sifirin ɗin mota. Wani matashin direba a Gumel, wanda ya gaji tsohuwar a-kori-kura Fijo 404 daga mahaifinsa, ya gaji da sauya sifirin duk kaka. Saboda haka ya ci bashi ya sayo jakunkunan roba biyu masu cin iska, aka ɗaura su tsakanin shasi da ƙarfen ƙafafun baya. Da aka hura, sai bayan motar, wanda ya daɗe a durƙushe, ya miƙe.

Ran Laraba, jajibirin kasuwar Maigatari, ya ƙara buhu 5 na riɗi bisa abin da ya saba ɗauka.

Tsohon bakaniken ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, iska mota kurum ta ɗaga. Birki da taya suna nan yadda ka san su."

Direban ya daɗe yana duban buhunan, domin ga bashi a wuyansa. Daga bisani ya ce, "To, Baba," ya sauke su. Ran Alhamis sawu biyu ya yi.